Butarmu da Butarsu

Shekarar da Auta ta samu cikin fari ina zaune a Aston, wata unguwa a Birmingham, a gidan babban ɗana, ita kuwa tana can Japan da mijinta. Ni ba a saka ni makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Wannan ma faɗa nake jikata tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Da a Manchester su Auta suke, a wani flat a Withington. Mijinta bincike yake yi a uni, wato jami'a, kan wani abu na ƙarfe da ya sha yi min bayani ban taɓa kamawa ba. Sai aka shiga shekarun nan da gwamnati ta ce babu kuɗi, duk abin da ka taɓa sai a ce an rage shi. Ajin Turancin da council, hukumar gari, ke yi wa tsofaffi irina a unguwa, sau uku kacal na je aka sa masa kwaɗo. Matar da ke yi min tafinta a wurin GP, likitan unguwa, ta daina zuwa, sai dai surukata ta bar aikinta ta raka ni. Shi ma mijin Auta kuɗin bincikensa ya ƙare ba a ƙara ba. Wata jami'a a Japan ta neme shi, suka ɗaure kaya suka tafi.

Ranar da ta gaya min a waya kewaye-kewaye ta yi ta yi saboda kunya, har na ce mata na gane, wata nawa? Ta ce huɗu. Likitocin can sun hana ta doguwar tafiya, don haka zancen ta zo gida wanka bai ma taso ba. Na ce to, in ba za ki zo ba ni zan zo. Yayyenta mata uku ne, kowacce a hannuna ta yi arba'in ɗinta, ni na dafa ruwan wanka, ni na dama kunun kanwa. Ban ga dalilin da Auta za ta zama ta dabam ba don kawai ƙasar ta yi nisa.

Babban ɗan nawa likita ne. Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba, Likita nake ce masa kamar kowa. Da na ce ya nemo min takardun tafiya, sai ya cire tabarau ya yi ta goge shi da gefen riga. Tun yana yaro, in zai ƙi abu sai ya nemi abin da zai sa wa hannunsa.

"Hajiya, ba jirgin nake ji ba," ya ce. "Jirgi akwai masu riƙe hannunki har ki sauka. Bayan nan fa? Mijinta yana wurin aiki, ita tana kwance. Wa zai je shago? Wa zai yi magana in wani abu ya taso? Nan ma shekara shida ba ki taɓa zuwa GP ke kaɗai ba. In kika je, mutum biyu yaron nan zai yi jinya."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya sa ta yi min zafi ke nan. Na tashi na je na sake wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

'Yarsa ta fari, wadda aka sa wa sunana, tana karatu a Manchester, tana zaune da wasu 'yan mata a Fallowfield. Ita ce mai rubutun nan. Ƙawata take ce min, ni kuma in ce mata Takwara. Ta zo ƙarshen mako ta ga ba na cin abinci sosai, ta matsa har na faɗa. Sai ta tuna min da tsohuwar nan da ke ƙasan flat ɗin su Auta, wadda Auta ke kai wa waina in ta toya. 'Yar Japan ce, Bature ta aura, ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Takwara ta ce za ta yi mata magana, ko za ta koya min abin da zan iya sayo gishiri da shi.

"Amma ƙawata," ta ce, "ke da thank you ma sai kin ga dama kike faɗa?"

Na ce mata Turanci ban ga abin da zan yi da shi ba ne, tunda ga ku cike da gida. Wannan kuwa ina da aiki da shi.

Likita na ce masa zan riƙa bin Takwara ran Asabar in ga irin zaman da take yi. Ba ƙarya na yi ba, don na gani ɗin. Kicin ɗinsu kuwa gara kada ya shiga rubutu.

Tsohuwar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, kanta fari fat an yanke shi gajere. Abin da ya fara kwanta min a rai, a bakin ƙofa ake cire takalmi a gidanta, ta kuma jera su suna kallon waje. Da ta shiga kicin na shafa yatsa a bakin taga, ban ga ƙura ba. Ta yi min irin gaisuwarsu ta sunkuyawa, ni kuwa na tsaya ƙyam na dafa ƙirji. Ta kawo shayi kore, babu sukari babu madara, kamar ruwan da aka tafasa zogale aka tace. Na shanye, don ba a yi min tarbiyyar rena abin da aka ba baƙo ba.

Takwara ta zo da wani ɗan littafin matafiya mai hotuna. Da take gaya wa tsohuwar cewa ban iya karatu ba, na zuba mata ido in ga ko fuskarta za ta yi abin nan da fuskokin mutane ke yi. Ba ta yi ba. Ta rufe littafin ta tura gefe, ta sa a tambaye ni yadda na koyi abin da nake karantawa a sallah. Na ce a bakin uwata, tana faɗa ina maimaitawa muna surfe. Ta ce to haka za mu yi. Daga ranar na fara ce mata Malama. Ita kuma Hajiya-san take ce min, don su ba sa kiran mutum gatsal sai sun maƙala masa wannan 'yar jelar ta girmamawa.

Ta ɗaga kofin ruwa ta ce mizu. Ta miƙa hannu biyu ta ce kudasai, wato a ba ni. Sumimasen, in za ka tsayar da mutum ko ka taka shi. Arigato gozaimasu, godiya. Waɗannan ba su ba ni wahala ba, don harshen nasu a buɗe yake kamar namu, ana faɗar kalma duka, ba kamar Turanci da ake tauna rabi a haɗiye rabi ba. Inda na sha wuya i da a'a ne. In za su ce i sai su ce hai, abin da nake daka wa yaro in ya kai hannu wuta. In za su ce a'a kuwa sai su ce iiye, a tausashe, kamar mai amsa kira. Ranar farko sau uku ina cewa hai don a bar ni haka, sau uku ana cika min kofi da ruwan zogalen nan.

Asabar ta uku Takwara tana da jarrabawa a gaba, ta kai ni bakin ƙofa ta wuce laburare. Muka zauna mu biyu babu tafinta, tana nuna abu ina kiran sunansa. Ranar mun makara, azahar ta same ni a gidan.

Ina da wata buta ta roba, koriya mai zanen fari, da na taho da ita tun daga gida. Ba na fita babu ita a jaka, don banɗakunan ƙasar nan an gina su ne kamar ba za a taɓa ruwa a ciki ba. Na ciro ta na nuna famfo, ina jin daɗin yau zan haɗa magana da kaina. Na ce, "Mizu kudasai." Na ɗaga ta na ƙara da, "Buta."

Malama ta dubi butar, ta dube ni.

"Buta?"

Na ce hai, wannan karon a inda ya dace. Sai ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa. Ta jawo ambulan da fensir ta yi zane da sauri, ta juyo min da shi. Alade ne, da hancinsa da murɗaɗɗiyar jelarsa. Ta ɗora yatsa a kai ta ce buta, ta nuna tawa ta sake cewa buta, tana dariya har da hawaye.

Ni abin da na gani shi ne an haɗa abin alwalata da wannan dabba, ana kuma dariya. Na mayar da butar jaka, na sa takalmi. Ta biyo ni tana magana, da Turanci da nasu, ban waiga ba. Ana yayyafi. Na tsaya inda muke tsayawa da Takwara, bas ta zo na shiga, na nuna katina na tsofaffi, na sauka a Fallowfield daidai shagon nan mai jar rumfa. Wata abokiyar zaman Takwara ta buɗe min. Sai da na idar da sallah na lura cewa ni kaɗai na zo.

Asabar biyu ban koma ba, ban kuma gaya wa kowa dalili ba. Ciki kuwa yana ta girma. Auta ta ce min a waya ƙafafunta sun kumbura, na ce ta riƙa ɗora su a kan matashi. Da muka gama na zauna da wayar a cinya ina kallon ruwan sama.

Takwara ce ta zo har Aston ta same ni a ɗaki. Malama ta kira ta. Da ƙyar ta iya gaya min saboda dariya, sai da na ce ta rufe min baki ko ta fita. Ashe a harshensu sunan alade ke nan, buta. Malama ba ta san tawa ma haka sunanta yake ba. Ta zaci na tsinto kalmar ne a wani wuri na ɗora ta inda ba nan ba, tana so ta gyara min tun kafin in je can in shiga shago in ce a ba ni buta.

"Ƙawata, da sai a naɗo miki guda a takarda, har da gyara," in ji Takwara.

Sai ta daina dariya, ta ce akwai sauran saƙo. Malama ta ce a gaya min su ma a garinsu mace gidan uwarta take komawa ta haihu, ta yi wata guda ana dafa mata tana kwance. Ita kuwa a Manchester ta haifi ɗanta, shekara arba'in da wani abu da suka wuce, daga ita sai mijin da ko shinkafa bai iya dafawa ba. An nemi uwarta ta zo ta ƙi, don ba ta jin Turanci kuma tana tsoron ɓata a hanya. Har ta rasu a hoto kawai ta san yaron. Malama ta ce ba ta taɓa riƙe uwarta da wannan ba, amma in na fasa tafiya saboda dariyarta, ba za ta yafe wa kanta ba.

Na ce wa Takwara ta je ta ci abinci.

Ran Asabar na sa surukata ta sauke ni a tashar mota. Ta tambaya ko Takwara za ta tare ni a can, na ce ta ja mota mu tafi. Yarinya ce mai hankali. Ta yanko min tikiti, ta rubuta adireshin gidanmu a takarda ta cusa min a jaka, ba ta kuma gaya wa mijinta ba.

Na san hanyar, don duk zuwan da muka yi Takwara waya take dannawa, ni kuwa taga nake kallo. A Manchester na hau bas mai lambar da na haddace siffarta. Muka wuce uni, muka wuce layin masu abincin Indiya da shagunan zinare, muka wuce babban filin nan mai itatuwa, muka wuce jar rumfa. A coci na biyu na danna ƙararrawar bas na sauka.

Da Malama ta buɗe ƙofa na ce, "Sumimasen." Na kuma ɗan sunkuyar da kai, ba ruku'u ba, kamar dai yadda nake yi wa yayar mahaifina tana raye. Ita ma ta ce sumimasen, ta sunkuya fiye da nawa. Na ƙara kaɗan, ta ƙara. Na ga in ban shige ba a nan za mu wuni.

Da azahar ta yi, ita ta miƙo hannu. Na ba ta butar. Ta buɗe famfo tana taɓa ruwan da bayan hannu har ya yi ɗumi, ta cika, ta miƙo min da hannu biyu ta ce oyu. Na ce mizu. Ta ce iiye, oyu. Ashe ruwan zafi sunansa dabam a wurinsu, ba ya cin arziƙin sunan ruwan sanyi. Na ce a raina mutanen da suka raɗa wa ruwan zafi sunansa na kansa sun san darajar mai jego. Wannan kalmar sau ɗaya na maimaita ta zauna.

Daga nan karatun ya koma kicin. Ƙanwarta takan aiko mata kayan abinci daga can, fakiti-fakiti, babu Turanci ko ɗigo a jiki. Sai ta jera su a tebur ta tsaya a baya ta zama mai shago. In ɗauki ɗaya in ce kore, wato wannan, buta haitte imasu ka, akwai alade a ciki? In ta ce hai in ajiye. Ta koya min tambayar giya ma, osake, don ashe har a miya suna zubawa. Kwanakin farko duk na kira sunan aladen sai in ji kamar in tashi in kurkure baki. Daga baya na sasanta da kaina. Tawa buta ce, tasu buta ce, suna ne kawai ya zo ɗaya, ba su haɗa dangi ba.

Na koyi tambayar ina banɗaki, ina asibiti. Na koyi musume, wato 'yata, da akacan, jariri. A cikin mota, zuwa da dawowa, nakan yi bitarsu a hankali ina bin gaɓoɓin yatsuna, na kusa da ni su ɗauka addu'a nake. Wata rana na gwada Auta a waya, na ce mata mizu take sha ko oyu. Ta ce, "Hajiya, ina kika samo wannan?" Na ji tana jan hanci. Na ce ta share hancinta, kuma kada yayanta ya ji.

Wadda ta fi yi min nauyi wakarimasen ce, wato ban gane ba. Ba wuyar faɗa gare ta ba. Ni dai tun tasowata ban saba cewa ban gane ba a gaban mutane. Nakan haɗe rai ne in yi shiru, su ɗauka fushi nake, su bar ni. Malama ta gano ni. Sai ta riƙa zubo min magana da sauri da gangan, ta tsaya hannu a ƙugu tana jira, ba za ta ci gaba ba sai na faɗa. Mukan yi ta kallon juna, tsohuwa da tsohuwa, agogon bango yana tafiya. Ran da na faɗa ba tare da na ɓata rai ba ta ba ni wata alewa tasu ta wake. Sai da na tambaya ko akwai buta a ciki sannan na ci.

Da cikin ya shiga wata bakwai na san in ba a fara neman takardu yanzu ba an gama. Na ce wa Likita ran Asabar shi zai kai ni Manchester. A hanya na gaya masa komai. Ya tambaya sau nawa na je ni kaɗai, na ce shida. Yana tuƙi babu halin cire tabarau, sai ya yi ta gyara madubin da babu abin da ya same shi.

Takwara tana can tana jiranmu, Malama kuma ta riga ta jera shagonta. Likita ya cire takalmi, ya yi gaisuwa da Turancinsa na asibiti. Ban bari an zauna ba.

"Likita, zaɓo min wanda zan dafa wa Auta," na ce.

Ya ɗauki fakiti ya duba gaba ya duba baya, ya ajiye. Ya ɗauki wani mai hoton taliya da ganye, ya ce wannan dai da alama kayan lambu ne kawai.

"Karanta min."

"Hajiya, ai ba Turanci ba ne."

"To."

Na karɓa na juya wajen Malama, na ce sumimasen, na yi tambayata. Ta duba bayan fakitin ta ce hai. Na ajiye shi can gefe. Takwara ta raɗa wa ubanta cewa da romon alade aka yi. Na ɗauki wani, aka ce iiye. Na tambayi giya, aka ce iiye. Na riƙe wannan. Sai Malama ta jefo min wata magana da sauri wadda ban taɓa ji ba, ba mu kuwa shirya haka ba. Na ji fuskata tana shirin haɗewa, ga ɗana a tsaye yana kallo. Na ce, "Wakarimasen." Na roƙe ta ta maimaita a hankali. Ta maimaita tana nunawa da hannu, na gane cewa take ko ina son leda. Na ce iiye, na buɗe jakata na saka kusa da buta.

Likita ya tambayi 'yarsa me na ce ɗazun.

"Ta ce ba ta gane ba, a sake faɗa mata," in ji Takwara.

Ya juyo ya dube ni. Shekara arba'in da tara yana duniya bai taɓa jin wannan a bakina ba.

"A can kai ma irina ne, ba ka iya karatu ba," na ce masa. "Sai dai kai yau ka fara, ni kuwa tun ba a haife ka ba nake yi."

Bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya tambayi Malama wani abu da Turanci. Daga baya Takwara ta gaya min cewa ya yi, a ganinta zan iya? Malama ta ce ba ta sani ba. Abin da ta sani kawai shi ne yadda ɗaki yake in an haihu uwa ba ta zo ba.

A hanyar komawa muka fara hango fitilun Birmingham da la'asar sakaliya. Sannan ya ce, "Hajiya, fasfo ɗinki yana wurinki ko yana wurina?" Na ce yana nan inda ka ɓoye shi. Muka ƙara tafiya. Can kuma ya ce, yaya ma suke ce wa ruwan zafi?

Asabar ɗin ƙarshe kafin in tashi na je yi wa Malama sallama. Takwara ta karanto min kalmar bankwana a littafinta, sayonara, na tanade ta sai a bakin ƙofa na faɗa. Malama ta girgiza kai ta ce iiye. Ta ce wannan ta wanda ba a san ranar ganinsa ba ce. Mai fita daga gida cewa yake ittekimasu, zan je in dawo, na gida su ce itterasshai, je ka dawo. Na ce wa Takwara ai wannan sai na dawo ce da a dawo lafiya, me ya sa mai littafin bai fara da ita ba? Ta ce littafin na masu yawon buɗe ido ne, su ba dawowa suke ba. Na ciro koriyar butata na ɗora a hannun Malama, don surukata ta sayo min sabuwa. Na ce ittekimasu. Ta rungume butar ta ba ni amsa, ta tsaya a ƙofa har bas ta zo.

Mace aka haifa. Kwana biyu da saukata naƙuda ta tashi, ina riƙe da hannun Auta har ƙofar ɗakin. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Wakarimasen na faɗe ta a wata ɗaya fiye da yadda na faɗi ban gane ba a rayuwata duka. A asibiti na ce wa wata nas oyu kudasai, ta kawo min a ɗan kofi kamar na shan magani. Na nuna mata girman bokiti da hannu biyu, Auta ta yi ta dariya tana riƙe ciki tana roƙona in bari. Da muka koma gida ni na dafa ruwan safe da yamma har arba'in, ni na je shago, kuma ban taɓa shigo da abin da bai kamata ba. Mai shagon unguwar, in ta hango ni, tun kafin in tambaya take fara juya fakiti.

Katangar flat ɗin su Auta ba ta da kauri. Kullum da yamma sai in ji yaran maƙwabta sun dawo makaranta suna kiran wata kalma daga ƙofa, uwarsu ta amsa daga ciki. Ban tambayi kowa ba, na riƙe.

Asabar ɗin farko bayan na dawo na hau motar Manchester. Likita da kansa ya kai ni tasha. Da Malama ta buɗe ƙofa na ce, "Tadaima." Na dawo.

Ta tsaya tana kallona, don ba ita ta koya min ba.

"Okaeri," ta ce a hankali. Sannu da dawowa.

Ta bayan kafaɗarta na hango butata a bakin taga, tsakanin tukwanen furanni, da ruwa a ciki. Ashe ban-ruwa take yi da ita. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ba a koya min faɗa da harshensu ba. Na cire takalmi na juya su suna kallon waje, na ciro hoton da Auta ta ba ni na miƙa mata da hannu biyu. Ta daɗe tana dubawa, ta kai yatsa ta shafa kumatun yarinyar.

"Akacan," ta ce.

Na ce hai.